Ku tambaya mu amsa: lasisi goma muka saya, ma'aikata ashirin da biyu ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, fatan an tashi lafiya. Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani asibitin kuɗi a nan Zariya, bayanan marasa lafiya duk suna kan SQL Server Standard, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, wanda ya riƙe aikin kafin ni ya sayi CAL, wato lasisin shiga manhajar, guda 10 ya tafi, yanzu ma'aikatan da ke shiga sun kai 22 amma kwamfutocin 9 ne kawai tunda juti uku ake yi, safe da rana da dare. Oga ya ce wai in buɗe suna ɗaya da fasiwod ɗaya kowa ya dinga shiga da shi, ai kaga an rage yawan masu amfani kenan. Sannan wasu sai su shiga su bar shi a buɗe su tafi gida. Dan Allah ya zan yi in hana fiye da mutum 10 shiga lokaci ɗaya kar mu karya ƙa'idar lasisi? Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa aiki albarka. Ka haɗa abu biyu wuri ɗaya kuma yawancin mutane haka suke yi, lasisi daban, hana shiga daban, toh bari mu raba su.

CAL ɗin Microsoft ba ya ƙirga mutum nawa ne a ciki lokaci ɗaya, sam. Iri biyu ne, User CAL na mutum ne, wato ma'aikaci ɗaya ya shiga ta kowace na'ura ya ga dama, Device CAL kuma na na'ura ne, ko mutum nawa suka zauna a gabanta babu laifi. Saboda haka kafin ka taɓa komai a saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, je ka nemo takardar sayen nan ka duba wanne aka saya, ko a fayil ɗin akanta take ko a imel ɗin wanda ya sayar muku. In Device CAL ne guda 10 kuma kwamfutoci 9 gareku, kun fita, har da rarar ɗaya, kuma gaskiya shi ne ya dace da wajen da ake juti irin naku inda nas ɗin dare ke zama kan kujerar da ta rana ta tashi. In kuwa User CAL ne toh 12 ake binku, ko da kuwa ba a taɓa samun mutum shida a ciki lokaci ɗaya ba. Amma ka ƙirga da kyau fa, laftof ɗin da likita ke zuwa da ita daga gida na'ura ce, wayar oga in yana leƙa rahoton kuɗi da ita ita ma na'ura ce. Kuma ba a yawo da CAL kullum, yau na wannan gobe na wancan, ƙa'idarsu sai bayan kwana 90 ake mayar da shi kan wani, sai dai na ɗan lokaci in na'ura ta lalace ko ma'aikaci ba ya nan.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne saba ba za ta taɓa ce maka lasisi ya ƙare ba, SQL Server ba ta ƙirga CAL, mutum 50 ma su shiga za ta buɗe musu, amana ce aka bar maka a takarda.

Maganar oga kuwa, ka je ka same shi cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe wannan ba za ta fisshe mu ba. A ƙa'idar lasisin, mutanen ko na'urorin da ke can ƙarshe ake ƙirgawa, ko da duk ta ƙofa ɗaya suka bi, ko ta wata manhaja ce da ke tsakani. Kenan ko sisi ba a rage ba. Abin da ma ya fi damuna ba kuɗin ba ne, asibiti ne fa, ranar da aka canza sakamakon gwajin wani ko aka goge kuɗin da aka karɓa a kanta, ka buɗe tarihin shiga ka ga suna ɗaya tun daga sama har ƙasa, wa za ka kama? Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Kowa da sunansa da fasiwod ɗinsa, wanda ya bar aiki a ranar ka rufe nasa da umarnin ALTER LOGIN ka sa DISABLE, sai dai ka sani wannan ba ya fitar da wanda ke ciki a lokacin, sai ka nemo lambar zamansa a saba ka katse shi da umarnin KILL.

Yanzu hana shiga. Akwai abin da ake kira logon trigger, tun SQL Server 2005 SP2 yake, kamar maigadi ne a bakin get, bayan an tabbatar da fasiwod kafin a buɗe wa mutum zama sai ya leƙa sys.dm_exec_sessions, wato jerin waɗanda ke ciki, ya ga sau nawa wannan sunan yake ciki, in ya wuce iyakar da ka sa ya mayar da shi. Yana da amfani ga masu barin abu a buɗe a kwamfuta uku. Amma kar ka sa iyakar ɗaya, domin manhaja ɗaya takan buɗe layi biyu ko uku zuwa saba da sunan mutum ɗaya ba tare da ya sani ba, Management Studio ma, manhajar da ake kula da SQL Server da ita, kowane shafin tambaya layinsa daban. Kuma ka fara duba yadda manhajar asibitin ke shiga, da yawa da suna ɗaya tak suke magana da rumbun a madadin kowa, in haka taku take ka sa iyakar uku ka rufe asibiti gaba ɗaya, a nan sai dai ka sa iyakar a cikin manhajar kanta, tare da fitar da wanda ya yi minti 10 ko 15 bai taɓa komai ba.

Wannan ina faɗa maka ne da zuciya ɗaya don ya taɓa samuna. A wani wajen aiki na rubuta irin wannan maigadin da yamma, akwai kuskure a ciki ban lura ba, da safe ba wanda ya iya shiga har ni, layi ya taru a gaban mai karɓar kuɗi, wata tsohuwa riƙe da katinta tana tambaya ko ta koma gida ne. Abin da ya cece ni ƙofar gaggawa ce da ake kira DAC, maigadin ba ya tare ta, ka zauna a kan sabar kanta ka shiga da sqlcmd -A ka kashe shi. Ka gwada wannan ƙofar ka tabbatar tana buɗe maka kafin ka kunna komai, kuma ka bar tagarka ɗaya a buɗe lokacin gwaji.

Tambaya: Malam mu shagon magani ne, kwamfuta 4, dole sai mun sayi CAL?

Amsa: In bayananku ba su da yawa ku duba SQL Server Express, kyauta ce ba ta buƙatar CAL, sai dai a fitowar 2019 da 2022 kowane rumbu ba ya wuce 10GB. Ku tambayi wanda ya rubuta muku manhajar ko tana aiki a kai, in ta kusa cika kuwa sai ku rubuto mu duba tare.