Hurumi: daga bayan gari zuwa gaban alƙali

Wani mai karatu daga Funtuwa ya rubuto: "Malam, kullum a rediyo sai in ji an ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara. Mene ne hurumi? Ana nufin kotun ta yi ƙanƙanta ne?"

Ɗan'uwa, ba ƙanƙanta ba ce. Kalmar daga Larabci ta shigo, dangin haram da harami ce. Kafin ta shiga bakin lauyoyi, hurumi fili ne da aka keɓe a gefen gari, kamar makiyaya ko maƙabarta, wanda ba mai ikon ya kafa masa garma don ya ga dama. Ma'anar tana tattare da iyaka: nan naka ne, can ba naka ba. Hurumin kotu shi ne irin ƙararrakin da doka ta yanka mata ta saurara, da yankin da ikonta ya tsaya. Alƙalin da ya ƙetare wannan ya wuce gona da iri, kuma hukuncinsa rusasshe ne ko da ya faɗi gaskiya tsantsa.

Duba tsarin mulkin Najeriya na 1999. Babbar Kotun Tarayya aka ba rigimar kwastan da kuɗin shigar gwamnatin tarayya da harkar jiragen sama. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta a jiha, nata ne aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. Duka biyun manya ne, amma kai rabon gado Babbar Kotun Tarayya ɓata kuɗin mota ne. Rikicin sarautar Kano na 2024 ya nuna wannan a fili: kotun tarayya ta ba da umarni, ta jiha ta ba da kishiyarsa, har a Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce maganar sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ce. Abin da ke damuna da 'yan jaridarmu shi ne, in an kori ƙara don rashin hurumi sai su rubuta "wane ya yi nasara". Ba a ma taɓa gundarin maganar ba, an dai ce wa mai ƙara ya ɓata ƙofa.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce: "Malam, daidai ne a kira Cour de cassation kotun ƙoli, kamar ta Abuja?"

Cour de cassation babbar kotu ce a tsarin shari'ar Faransa. Ana kiran ta kotun ƙoli don sauƙi, amma sunan na ɓoye wani bambanci. Ƙoli shi ne can saman abu, kuma ɗaya yake. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, duk hanyoyi suna haɗuwa a kotu ɗaya. Kafin 1963 ma har Landan ake kai ƙara. Faransa kuwa ta raba gida biyu. Rigimar mutum da mutum da manyan laifuka suna ƙarewa a Cour de cassation, rigimar ɗan ƙasa da hukuma kuma tana ƙarewa a Conseil d'État, wadda aka kafa a 1799. In an rasa na wa ne, akwai wata kotu ta musamman da aikinta kawai raba gardamar hurumi. Tsarin mulkin Nijar na 2010 irin wannan rabon ya bi, kafin juyin mulkin 2023 ya dakatar da shi. Ni da za a bi ta tawa, "kotun warware hukunci" zan ce wa Cour de cassation, domin ba ta sake sauraron shaidu. Tana duba ko an bi doka ne, in ba a bi ba ta warware, galibi ta mayar wa wata kotu a sake.

Amurka ma ba ta tsira daga wannan ruɗani ba. Kotun ƙolin tarayya mai alƙalai 9 ce muka fi ji, alhali kowace cikin jihohi 50 tana da tata babbar kotun, wadda maganarta ce ta ƙarshe a kan dokar jihar.

Tambaya ta uku gajera ce, daga wani ɗalibi a Zariya: wace karin magana ce ta dace da ɗaukaka ƙara?

"Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta." Majistare na da Babbar Kotu a kansa, ita kuma tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara. Sai dai ka lura, ƙarar ake ɗaukakawa, wato a ɗaga ta sama. Kuskure ne a ce "ya ɗaukaka hukunci", don mai jin Hausa zai ɗauka yabon hukuncin ya yi.