Me ya sa adireshin maƙalar da na kwafa ya daina buɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin digirina na biyu. Na samo wata maƙala a rumbun mujallu na intanet da laburaren jami'armu ya tanadar mana, na kwafi adireshin da ke saman shafin na tura wa malamin da ke duba aikina. Washegari ya ce ya danna ba ta buɗe ba. Ni ma na gwada, haka. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, maƙalar tana nan, ba a goge ta ba. Duk sanda kika shiga irin wannan rumbu, yakan ba ki wata lamba ta wucin gadi da yake gane ki da ita, kuma sau da yawa lambar tana cikin dogon adireshin nan na sama. Da kin fita, ko kin jima ba ki taɓa shafin ba, lambar ta tashi aiki, adireshin ma ya bi ta.

Abin da za ki nema shi ne dawwamammen adireshin maƙalar, wanda kowane rumbu ke kira da nasa suna. A JSTOR yana farawa da jstor.org/stable/ sai lamba. A EBSCOhost ki nemi "Permalink" ko maɓallin "Share". ProQuest ya sa shi cikin bayanan maƙala da sunan "Document URL", Gale kuma "Get Link".

Amma ni wanda na fi yarda da shi shi ne DOI. Lamba ce da mawallafi ke yi wa maƙala rajista da ita, kullum tana farawa da 10. sannan wasu lambobi, sai karkataccen layi, sai sauran. Galibi tana shafin farko na maƙalar, kusa da sunan mujalla. Ki rubuta https://doi.org/ ki liƙa ta a ƙarshensa, shi ke nan kin samu adireshi. Ƙarfinta shi ne ba ta ɗaure da wani shafi ba. Ko mujallar ta koma hannun wani kamfani, a rajista ake gyara sabon wurinta, lambar ba ta canzawa. Ƙungiyar Crossref, wadda ta fara aiki a 2000, ita ke riƙe da rajistar mafi yawan maƙalun bincike, kuma a shafinta kina iya neman lambar da kanun maƙala. Wasu tsofaffin maƙalu dai ba su da ita, nan sai ki koma ga na rumbun.

Sai ki lura da abu guda da ke rikita ɗalibai da yawa. DOI shafin mawallafi take kai mutum, can kuma ana iya neman ya biya kuɗi, domin ba a san jami'arsa ta riga ta biya ba. Laburare kan bi da mutanensa ta wata ƙofa, irin su EZproxy ko OpenAthens, kuma dawwamammen adireshin da kika ɗauka daga cikin rumbu yakan zo da ƙofar a jikinsa. Tunda malaminki ɗan jami'arku ne, wannan za ki tura masa. A jerin manazarta na kundinki kuwa DOI za ki sa, saboda mai karatu daga waje ba shi da izinin shiga ƙofarku.

Kafin ki sake turawa, ki fita daga rumbun, ki buɗe adireshin a wata wayar da ba ki taɓa shiga da ita ba. In ya kai ki ga maƙalar, ko ga shafin da laburarenku ke neman suna da kalmar sirri, to ki tura masa.