Amsa ga Alhaji kan tashar nukiliya da shararta

Salamu alaikum jama'ar guruf. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka inda kake cewa tunda Allah ya ba Nijar yuraniyom, ga shi an sa hannu da Rosatom, kamfanin nukiliya na Rasha, a 2025, me zai hana a kafa tashar nukiliya mu huta da ɗauke wuta. Wallahi wajen son wuta ina bayanka. Duk wanda ya kwana Damagaram da bazara ba kuran, yara na kuka ana yi musu fifita da kwali, ba sai an gaya masa ba. Kuma ba mu manta da 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana layi.

To amma Alhaji, ba a tarewa gida sai an haƙa salga. Ina za a kai sharar?

Ka ga sandunan yuraniyom da tashar ke ci, in sun gama aiki fitowa suke da zafi da guba wadda ido ba ya gani. Sai sun yi shekaru cikin tafkin ruwa suna hucewa, sannan a rufe su cikin tukwanen ƙarfe da siminti. Akwai fulutoniyom a ciki wanda sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya tafi. Ɗan wa zai yi gadinsa?

Ba ma sai mun je nesa ba. Cominak, mahaƙar yuraniyom ta Akokan kusa da Arlit, ta rufe a 2021, ta bar tsibin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. Masu binciken CRIIRAD, ƙungiyar awon gubar nukiliya ta Faransa, sun auna tarkacen ƙarfe a kasuwar Arlit suka tarar da guba a jiki, irin ƙarfen da talaka zai saya ya yi ƙofa ko kayan girki. Wannan abin yana ci mini rai, don 'yan'uwanmu ne, kuma ba da saninsu suka kai shi ɗaka ba.

A Finlan sun haƙa rami cikin dutse don binne sharar, zurfin sama da mita 400, Onkalo sunansa. Amma doka ta ba ƙaramar hukumar Eurajoki, inda ramin yake, ikon ta ce a'a, kuma sai da majalisarta ta kaɗa ƙuri'a a 2000 ta yarda. Amurka kuwa daga sama aka zaɓi tsaunin Yucca na jihar Nevada a 1987, mutanen jihar suka ƙi, har yau ba a kai shara ba.

Ni yardar da nake nufi ke nan: ba a tara masu unguwanni a raba lemu a ɗauki hoto ba. A yi bayani da Hausa, da Barbarci, da Fulatanci, da Buzanci, a bar mana na'urar awo hannun likitocinmu, kuma in mun ce a'a, a'ar ta tsaya. Balle garin da mata ke kwana a bakin famfo da bido. In ruwan ƙasa ya gurɓata, ina muka nufa?

Kai da kake zama fada Alhaji, don Allah in maganar ta taso ka tambaya mana wannan tukuna. Na gode.