Keke Ba Hausa Ba Ce? Da Batun Keken Ɓera

Wani ɗalibi da ke zuwa makaranta a kan keke a Zariya ya rubuto yana cewa abokinsa ya gaya masa wai kalmar keke ba Hausa ba ce. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma in haka ne, mene ne sunanta na asali?

Ɗana, abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Mun ari kalmar daga Yarbanci, inda take nufin abin da ke juyawa kamar ƙafar mota. Shi ya sa ba ta tsaya ga abin hawa ba: muna da keken ɗinki, da keken rubutu, da keken guragu, har da Keke Napep, wanda Kanawa suka raɗa wa Adaidaita Sahu tun zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Tsofaffi kuwa sukan ce basukur, aro daga Turanci, amma yau da wuya ka ji ta a bakin yaro.

Sai dai kada kalmar aro ta dame ka. Je ka tsaya wurin mai faci a bakin titi, ka saurare shi yayin da ya tsoma tubu cikin ruwa yana neman inda kumfa ke fitowa. Za ka ji birki, da feda, da kariya, da taya, duk Turanci ne da harshenmu ya tauna ya laushe. Amma wurin zama fa? Sirdi, na doki, wanda shi ma tun da daɗewa muka aro daga Larabci. Bahaushe ya ga baƙon abu ya ɗaure shi a turken da ya sani, ya yi masa kirari da dokin ƙarfe. Wadda ta fi burge ni ita ce goyo. In ka ɗauki ƙanenka a kariya, goya shi ka yi, kamar yadda uwa ke goya jariri. Kalmar da ta samu jam'i irin namu, kekuna, ta kuma shiga kirari, ai ta zama 'yar gida.

Wata baiwar Allah kuma daga Maraɗi ta tambayi ma'anar "an ɗora shi a keken ɓera".

Malama, ana faɗin haka ga wanda aka yaudara da daɗin baki ko alkawarin da ba za a cika ba. A fahimtata hoton shi ne ɓera a kan abin da ke juyawa: yana ta gudu, yana ganin tafiya yake, alhali yana nan inda yake. Misali, dillali ya ce ka dawo gobe kuɗinka sun kusa fitowa, goben ta zo ya ce jibi, har wata ya ƙare kana zirga-zirga.