Tambaya da Amsa: Na yi facin tayar baya, yanzu feda ta yi nauyi kuma taya na gogar firam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kekena mai giya ɗaya ne, irin wanda wilin baya ke shiga doguwar tsaga, a ja shi baya a ɗaure. Shekaranjiya tayar baya ta yi faci, na kwance wilin na liƙe tiyub da kaina. Da na mayar sai sarƙa ta riƙa faɗuwa. Na kai wa wani mai gyara a bakin titi, ya ja wilin iya ƙarfinsa har sarƙar ta yi tauri, ya ce haka ake so. Yanzu feda ta yi nauyi, ina jin ƙas-ƙas, taya kuma na gogar ƙarfen hagu. Da keken nan nake kai yarana biyu makaranta kullum, hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah kada ka ƙara ɗora yaran nan a kan keken sai an sassauta sarƙar. Gaskiyarka da ka damu, abin da aka yi maka ɓarna ce.

Tunda har ka iya cire wili ka liƙe tiyub, ba sai na koya maka faci ba. Abu biyu kawai zan tuna maka. Ka bi cikin taya da yatsa kafin ka mayar da tiyub, domin ƙayar tsidau ko guntun waya kan maƙale a ciki ta sake hudawa a wuri ɗaya. Sholisho kuma a bar shi ya sha iska kamar minti 5, sai ya daina sheƙi, sannan a ɗora faci. Kuma ka sani a irin kekenka, in dai ba tiyub ko taya za ka canja ba, babu dalilin kwance wili. Ka ɓalle gefen taya ta ɓangaren da babu sarƙa, ka zaro tiyub, ka liƙe, ka mayar.

Yanzu ga maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo min keke da sarƙa a ɗame kamar tsirkiyar baka, mai shi na alfahari wai an ja masa ita da kyau. Yaro ya yi wata biyu yana riƙe wa ubangidansa famfo, ya sayi sifana ɗaya, ya kafa rumfa, abin da ya sani kenan: in sarƙa ta faɗi, a ja wili har sai ya ƙi motsi. Wallahi ba haka ake yi ba. Farantin feda da firwil, wato ƙaramin faranti mai haƙora na wilin baya, ba su cika zama daidai a tsakiya ba, ko a sabon keke. Saboda haka a kowane zagaye akwai inda sarƙa ke yin sako-sako, akwai inda take ɗamewa. In aka ɗaure ta tamau a wurin da take da sassauci, to idan ta zo wurin ɗamewa ina za ta sami sarari? Sai ta finciki aksil. Boris ɗin wili ya matsu, kon, wato notin da boris ke gudu a kansa, ya fara cinyewa, boris ɗin gindin feda shi ma ya sha wahala, haƙoran firwil su lalace. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji kenan, nauyin feda kuma ƙarfinka ne ke tafiya wajen niƙa ƙarfe.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Sarƙar da aka takura ba ta tsinkewa a tsakar gida, sai lokacin da ka miƙe tsaye a kan feda kana hawan tudu da kaya, ko kana sauri ka tsallake titi. Nan take ƙafa ta zarce, keke ya karkace, ga yara a kariya, ga mai adaidaita sahu a bayanka. Idan kuma keken mai birkin feda ne, wanda ake taka baya ya tsaya, rabuwa da sarƙa rabuwa ce da birkin baya gaba ɗaya. Shi wanda ya ja maka ya karɓi kuɗinsa, ba ya wurin ranar da abin zai faru. Ni wannan ne ke ɓata min rai, domin aikin da ke riƙe da ran mutum ake yi da ka.

Gogar da taya ke yi a hagu ma daga nan take. Sarƙa na jan aksil gaba ta ɓangaren dama, in notin dama bai kama sosai ba sai ya zame cikin tsagar, gaban taya ya karkata ya jingina da ƙarfen hagu.

Ga yadda za ka gyara. Ka kafa keken a kan sitan, ka sassauta noti biyun da sifana mai lamba 15, wadda ita ce ta yawancin kekuna, ka kuma saki 'yan ajasta na bayan tsaga in akwai. Ka juya feda a hankali har ka gano inda sarƙa ta fi ɗamewa, a nan za ka yi awo. Ka danna tsakiyarta da yatsa, ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 1, wato kaurin ɗan yatsa. Sai ka duba taya ta zauna a tsakiyar ƙarafa biyun, ratar dama daidai da ta hagu. Ɗaurin noti kaɗan-kaɗan ake yi, dama sannan hagu, kana dubawa, saboda wili kan gusa yayin ɗauri. Daga ƙarshe ka ɗaure su tamau. Ajasta aikinta saiti ne, noti ne ke riƙe wili, kada ka dogara da ita ka bar noti sako-sako. Wosha mai haƙora ta koma inda ka same ta, haka ƙarafan madigadi da na kariya.

Kafin ka hau, ka juya feda zagaye da yawa, babu inda ya kamata ta cije. Ka duba ɗan makullin sarƙa, rufaffen kansa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Ka matsa birki ka ga robar ta sauka a kan rim daidai, tunda wili ya gusa daga inda yake. Sannan ka kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji tana kaɗawa, ko ƙarar ba ta ɗauke ba bayan ka sassauta, to boris ko kon ya riga ya taɓu. Wannan kam ka kai wa tsohon hannu ya buɗe, ya canja abin da ya cinye, ya sa giris, kuma ka fara zagayawa kai kaɗai kafin ka ɗauki yaran.