Bandiri ko mandiri? Asalin kalmar da aikinsa a wurin zikiri

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Mu a Kano mun taso muna jin ana cewa mandiri, amma a littattafai sai in ga an rubuta bandiri. Wanne ne daidai, kuma kalmar Bahaushiya ce ko baƙuwa?

Amsa: Baƙuwa ce, sai dai ta daɗe har ta zama 'yar gari. Daga bakin Larabawan Magrib ta fito, wato mutanen Libiya da Tunisiya da Aljeriya da Maroko, inda ake cewa bandir ko bendir. Bahaushe ba ya son suna ya ƙare masa da baƙi, sai ya ɗosana masa wasali. Haka ya yi wa wazir ya zama waziri, tafsir ya zama tafsiri, zikr ya zama zikiri. Bandiri ke nan ta fi kusa da tushe.

Mandiri kuwa aikin baki ne. Harafin b da m duk da leɓɓa ake furta su, bambancinsu kawai shi ne iskar m ta hanci take fita. To ga n nan a gaba, ita ma 'yar hanci, sai ta jawo b ta mayar da ita m. Irin wannan musanya tana nan a mutum-mutumi da butum-butumi. Duka biyun Hausa ce karɓaɓɓiya, kada ka gyara wa kowa. Kunne dai zai lura cewa an fi jin mandiri a bakin masu zancen sha'irai da waƙoƙin bege, bandiri kuma a bakin malaman ɗariƙa da cikin rubutu.

Abin da kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. A zane-zanen kaburburan Masar ta dā da gumakan yumɓu na tsohuwar ƙasar Iraƙi ana ganin mutane, galibinsu mata, riƙe da irin wannan faifan fata. A Ibrananci tof ake ce masa, kuma Attaura ta ambaci Maryamu 'yar'uwar Annabi Musa ta ɗauke shi bayan ƙetare teku. Larabawan Hijaz suka ce duff, Farisawa da Kurdawa daf, mutanen Sudan tar. A Sifaniya har yau akwai pandero, ɗan'uwan bandir ɗin da aka sani a Andalus. Sunan da ya fi burge ni shi ne wanda ke cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da almajiranmu ke karantawa a zaure: girbal, ma'anarsa rariya. Duk wanda ya taɓa ganin rariyar tankaɗe ya ga siffar bandiri, an dai cire ragar an sa fata.

Tambaya: Me ya raba shi da ganga? Mun sayo biyu don majalisinmu, da damina ta sauka sai suka daina amo.

Amsa: Ganga doguwar kututture ce da aka rarake, aka rufe bakinta biyu, ana kaɗa ta da gula. Bandiri baki ɗaya gare shi, faɗinsa ya ninka zurfinsa sau uku ko huɗu, kuma da hannu ake buga shi. Wanda aka saba gani a Magrib faɗinsa tsakanin santimita 35 zuwa 45 ne, zurfinsa wajen santimita 10. Sassansa huɗu: zoben katako da aka lanƙwasa, fatar akuya, ramin da ake zura babban yatsan hagu a jikin zoben, da tsirkiya biyu ko uku da aka miƙa ta ciki suna manne da fatar. Tsirkiyar nan ita ke ba da zizar da ke biyo bayan kowane bugu. Da hanjin dabba ake murza ta a dā, yanzu zaren kamun kifi ya karɓe aikin. Wasu ba su da tsirkiya, sai 'yan ƙarafa masu kacau-kacau a jikin zoben, kamar daf ɗin Kurdawa da ake jera wa zobba ta ciki.

Fatar ɗanya ake so, ba jemammiya ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi laushi, ta dace da jaka da takalmi, amma ba za ta ɗaure ta yi amo ba. Ana jiƙa ɗanyar fata a ruwan toka ko na farar ƙasa har gashin ya saki, a kankare shi, a kankare ragowar nama da kitse ta ciki, a ɗauraye sosai. Tana jiƙe ake ɗora ta a zoben, a bar rarar kamar yatsu uku a kewaye. Wajen ja ake kuskure. Ba bi da bi ake kewayawa ba: a ja gabas a kafe, a koma yamma, sannan kudu da arewa, sannan a cike tsakani. Wanda ya bi layi zai tarar da gefe guda ya ɗaure, ɗayan ya tattare. Kada kuma a ja ta iya ƙarfi, domin tana bushewa tana ƙara tsukewa da kanta. A inuwa za ta bushe, kwana biyu ko uku. Rana tsaka tana busar da gefe kafin tsakiya, zoben ya karkace.

Naku ba lalacewa suka yi ba, raɓa suka sha. Fata tana zuƙar danshin iska ta saki jiki. Kafin a fara majalisi a kawo gaushi a kasko, a riƙe bandirin kamar kamu ɗaya sama da shi, ana jujjuyawa, ana shafa fatar da tafin hannu, ana ɗan ƙwanƙwasawa har amon ya tashi. In fatar ta yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, an wuce gona da iri. Shi ya sa a dogon zama akan ajiye kaskon kusa, ana musayar bandiri, wannan na aiki wancan na shan ɗumi. Da hunturu kuma akasin haka ne: fatar takan ɗaure har ta tsage daga bakin ƙusa, sai a jiƙa hannu a shafa mata. A rataye shi a bango cikin jakar yadi, kada a jingine shi a ƙasa inda gara da ɓera za su same shi. Masu fatar roba ba ruwansu da damina, amma amonsu busasshe ne, kuma kunnen da ya saba yana ganewa.

Tambaya: Ta yaya ya shigo ƙasar Hausa, kuma mene ne amfaninsa ga mai zikiri? Ai ambaton Allah ba ya bukatar kiɗa.

Amsa: Ta hanyar Sahara ya shigo, tare da fataken Tarabulus da Gadamus da suka zauna a Kano kusa da kasuwar Kurmi. Sunayen unguwanni sun riƙe tarihin: Alfindiki daga funduk ne, masaukin fatake, Dandalin Turawa kuma tun lokacin da Bature ke nufin Balarabe ne. Cikin waɗannan fatake akwai mabiyan Shehu Abdussalam al-Asmar na garin Zilitan a Libiya, wanda ya rasu a ƙarni na 16, kuma ya yi suna da amfani da bandir a zikiri, har malaman zamaninsa suka yi ta jayayya da shi a kai. Muhawarar ke nan ba a Kano aka fara ta ba, tare da kayan ta zo.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, amma Ƙadiriyyar da ya bari a Sakkwato ta wuridi ce da karatu, ba a san ta da bandiri ba. Wanda ya fito da shi daga 'yan tsirarun masallatai ya kai shi fili shi ne Shehu Nasiru Kabara, wanda ya haɗa rassan Ƙadiriyya a Kano, ya ziyarci Bagadaza a 1953, ya rasu a 1996. Maukibin da ake yi duk shekara a watan Rabi'us Sani, don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, shi ya sa ko wanda bai taɓa shiga zawiyya ba ya san amon bandiri. Ba Kano kaɗai ba ce: Ƙadirawan Kurdawa da daf suke zikiri, kuma a Omdurman ta ƙasar Sudan an saba yi da ganguna da yammacin Juma'a a hubbaren Hamad al-Nil.

Aikinsa shi ne riƙe numfashin jama'a wuri guda. Mutum ɗaya da carbi ba ya bukatarsa. Amma a tara mutum ɗari a ce su maimaita kalma ɗaya tsawon sa'a, ba a daɗewa na gaba zai yi gaba, na baya ya yi baya. Zaman yakan fara da Fatiha da istigfari da salati, sannan hailala a hankali. In an miƙe tsaye, lafazin sai ya riƙa gajarcewa: daga La'ilaha illallah zuwa Illallah, zuwa Allah, har a kai ga anfasu, inda sunan ke fita tare da numfashi daga ƙirji. Anfasu jam'in nafas ne, numfashi. Duk gajarcewar lafazi, bugun na ƙara sauri. Bugu iri biyu ne ginshiƙi: mai nauyi da ake yi da cikin yatsu can wajen tsakiya, da mai kaifi da ake yi da kan yatsu a bakin zobe. Mai nauyin ne ke faɗawa kan gaɓar da jama'a ke sunkuyawa. A saman wannan duka sha'iri yake jan ƙasida.

Babban aibin mai bugu shi ne gudu. Shauƙi ya ɗebe shi ya ƙara sauri ba da izinin muƙaddami, jagoran zikirin, ba, tsofaffi su kasa, sahu ya watse. Don haka ko bandiri goma ne a wurin, ɗaya ake bi, shi kuma idonsa na kan hannun jagora. Ba a kuma yanke zikiri yana tsakiyar zafi. Ana sassautowa ne mataki-mataki, a zauna, a karanta ayoyi, a yi addu'a.

Batun halacci kuwa na malaman fiƙihu ne, amma ga inda gardamar take. Duff ya tabbata a hadisi: Buhari da Muslim sun kawo labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha a ranar idi, Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Abubakar ya ƙyale su, kuma Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya halatta girbal a walimar aure ko da namiji ne zai buga. Abin da aka saɓa a kai shi ne ɗauko shi daga biki da idi a shigar da shi ibada, balle cikin masallaci. Shehu Abubakar Gumi da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, sun ce bidi'a ce. Malaman Ƙadiriyya suka ce shi ba ibada ba ne, mataimaki ne kamar carbi.

Harshe ya nuna yadda masu abin suke kallonsa. Mai kalangu makaɗi ne, yana cikin rukunin maroƙa, sana'a ce da ake gado. Mai bandiri ba ya amsa wannan suna. Abin da ake rerawa ƙasida ce ko bege, mai rerawa sha'iri, taron kuma majalisi. Ko da matasan Kano suka fara ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, daga baya fiyano ta ture bandirin daga sutudiyo, ba su yarda an kira su makaɗa ba.

Tambaya: Wanda ya faɗi a wurin zikiri, ba hawan bori ba ne da wani suna?

Amsa: A ido suna iya kama, a ma'ana sun yi hannun riga. Kayan bori garaya ne da goge da ƙwarya, kowane iska da takensa da kirarinsa, ana kiɗa ne don a kira shi ya hau dokinsa ya yi magana da bakinsa. Bandiri ba shi da taken kowa, ba ya kiran wani ya sauko. Abin da ke samun mai zikiri sufaye na ce masa jazaba ko hali, wato zuciya ta rinjayi jiki, kuma manyansu sun fi yaba wanda ya daure ya tsaya a sahu a kan wanda ya zube.

Tambaya: Akwai karin magana a kan bandiri?

Amsa: Tsofaffin karin maganarmu ganga da tambari da kalangu suka sani. Karin magana daga kasuwa da gona da fada da dandali take tsirowa, shi kuwa bandiri baƙo ne da ya daɗe a zawiyya, kuma Bahaushe ba ya son yin ba'a da abin da ya jiɓanci addini. Amma na ganga suna hawa kansa daidai.

"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya." Ana faɗa wa wanda ya nace wa tsohuwar dabara bayan hali ya canza. "Shi ke kiɗansa, shi ke rawarsa" kuma ga wanda ba mai taka masa burki, ko wanda ke ta hidimarsa ba wanda ya kula shi. "Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa" gargaɗi ne ga mai kwaikwayo. A lura da wasan da aka yi da daka, ta rawa da ta turmi.

Wadda ta fi dacewa da mai bandiri ita ce "In ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa." Ana yi wa mai mulki ko mai dukiya da ya kai ƙololuwa yana taƙama, ko abota da ta yi zafi fiye da kima. Zaƙi a nan ba na harshe ba ne, tashin amo ne da tsabtarsa, kamar yadda ake cewa murya mai zaƙi. Wanda ya fara faɗar maganar ya san fata: amo yana ƙara zaƙi ne gwargwadon ɗaurewarta, kuma fatar akuya da ta sha gaushi a daren hunturu, a daidai lokacin da ta fi daɗin saurare bugu ɗaya mai ƙarfi a bakin zobe ya isa ya tsaga ta.