Tukunyar da na sa miki a kayan ɗaki

'Yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya da dare. Muna nan lafiya, sai ƙafar nan da kika sani, in sanyi ya shigo sai ta tuna mini shekaruna. Ina maigidan? A gaishe shi da kyau. Ban amsa miki da murya ba don tambayar ba ta minti biyu ba ce, kuma kin san ni a waya, in na kama zancen hatsi sai in ɓulla a zancen biki.

Kin ce da kika kwance kaya kin tarar da 'yar baƙar tukunyar ƙasa a tsakanin kuloli da farantai, aka ce miki Goggo ce ta sa, wai duk ranar da za ki ɗora girki ki ciri danƙi ɗaya na hatsi ki zuba a ciki. Ga shi kuma gidan mijinki suna azumin kwana arba'in kafin Ista, abin da ba ki saba gani a cocinmu ba. Wata ƙawarki kuma ta ce miki duk wannan wahalar da kai ce, tunda Yesu ya riga ya biya. Shi ne kike so ki ji ko dole ne, ko al'ada ce kawai.

Ƙawar taki ta faɗi gaskiya, amma rabinta. Ceto kyauta ne, Afisawa sura 2 ta faɗa ƙarara, ba da aikin hannunmu ba, don kada wani ya yi fariya. Tukunyar nan kuma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, ki bincika daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna ba za ki same ta ba. Al'adar gidanmu ce. In kin fasa ta gobe ba a rufe miki ƙofar sama ba. Sai dai ki ji inda ta samo asali tukuna.

Kakanninki Maguzawa ne, kin sani, daga wajen Sumaila. Lokacin da Baba ya karɓi bishara aka yi masa baftisma, ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa sanda. Abin da ya faru ya fi haka sanyi, ya kuma fi daɗewa. A wurinmu gayya ba ta yiwuwa sai da giya, mai gona ya sa a dafa, 'yan'uwa su zo su yi masa noma a yini guda. Baba ya ce ya daina dafa giya, ya daina yanka a gindin tsamiya kafin shuka. Damina ta zo, ya kira gayya, Inna ta dama fura tulu biyu, ta yi tuwo. Mutum uku suka zo. Ina tsaye a bakin zaure ina kallon furar tana tsami. Daga shekarar nan gonar da mutum talatin suke gamawa kafin la'asar, shi da Inna da babanki yana ɗan yaro suke kwana goma a kanta. Haka kowace damina, ba sau ɗaya ba.

A cikin wannan hali Inna ta fara tukunyar. Matan zumunta ne suka shirya a tsakaninsu, don a riƙa ciyar da mai bishara da gwauraye, tunda ba wanda yake da kuɗin baikon coci. Tana auna dawar tuwon dare a ƙwarya, kafin ta zuba a turmi sai ta sa hannun dama ta danƙa, ta juya ta zuba a tukunyar da ke bayan ƙofa, ta mayar da faifai ta rufe. Ba ta yin doguwar addu'a, ba ta kiran kowa ya gani. A farin 1973, da rumbu ya yi ƙasa har muna haɗawa da dusa da ganyen tafasa, na taɓa riƙe mata hannu. Na ce Inna, mu ma fa yunwar muke ji. Ta dube ni ta ce, "Sake ni. Wanda ya fi mu ji yana nan." Danƙin ya ƙanƙance a shekarar, da yatsu uku take ɗiba, amma bai tsaya ba. Ni kuwa na yi fushi da ita har cikin raina, ba zan ɓoye miki ba.

Sai da na girma na lura da wani abu a maganar Yesu. Matiyu 16 da Markus 8 duk sun kawo inda ya ce mai son binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa, ya bi shi. Luka ne kaɗai, a sura 9 aya 23, ya riƙe ƙarin nan: kowace rana. Ki duba da kanki. Mutanen da suka fara jin maganar sun san gicciye, ba sarƙar wuya ba ce a wurinsu, sun ga Romawa suna ɗora wa mutum gungume ya ɗauka zuwa inda za a kashe shi. To mutum sau ɗaya yake mutuwa. Wace irin mutuwa ce ake yi kowace rana? Ita ce ta son zuciya, wadda in kin binne ta da dare, da asuba za ki tarar ta riga ki tashi.

Mu Kiristocin Arewa muna son ba da labarin manyan hasara, kuma muna da su. Turawan mishan uku da suka sauka a Legas a ƙarshen 1893 suna nufin ƙasar Hausa, biyu ba su ga ƙarshen 1894 ba, Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida, Bingham ne ya rage, daga aikinsu kuma cocinmu na ECWA ya tsaya da ƙafarsa a 1954. Bishop Tugwell da Likita Miller sun iso Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Miller ya zauna a Zariya, ya yi shekaru a kan fassara, sai a 1932 muka samu Littafin gaba ɗaya da Hausa. A idona kuma aka yi rikicin Oktoba 1991 kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Bonke. Kwana biyu muka yi a uwar ɗakin wata Hajiya maƙwabciyarmu, mijinta yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma da carbinsa, duk wanda ya tambaya ya ce ba kowa a ciki sai iyalinsa. Shi ma ya sa ransa cikin haɗari a ranar, Allah ya jiƙansa. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Amma na zauna da mata a zumunta shekara arba'in, na ga abin da na gani. Akwai wadda za ta tashi a taron addu'a ta ce ko wuƙa aka sa mata ba za ta musunci Yesu ba, kuma na yarda da ita. Ita ɗin ce shekara shida ba ta gaida matar ƙanin mijinta saboda rancen atamfa. Bitrus ma haka ya yi, ya ce ko kurkuku ko mutuwa yana tare da Ubangiji, kafin zakara ya yi cara wata baiwa a bakin wuta ta kayar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hannun da bai saba sakin danƙin gero ba, ban ga yadda zai saki babban abu ranar da aka tambaye shi ba.

Ni nawa gicciyen a kasuwa na same shi. Shekara ashirin da ɗoriya ina awo a Sabon Gari, in sari buhu a Dawanau in kasa. Kowa a layin ya san dabarun: a ɗan bubbuga gindin kwano ya lotsa ciki, a saya da babba a sayar da ƙarami, a yi algus da tsohon wake a ƙasa sabo a sama, ko a rage tozo in mai saye ya juya yana neman canji. Abin da za a rage a kwano ɗaya bai kai cikin cokali uku ba, amma a buhu riba ce mai kyau, a wata kuɗin makarantar yaro ne. Ba sau ɗaya a shekara jarabar take zuwa ba, sau hamsin take zuwa a yini, duk lokacin da hannuna ya kai kan tozon nan. Kuma bayan 1991 sai ta zo da sabuwar riga. Zuciya ta ce, waɗannan da suka ƙona muku kaya, su za ki cika wa kwano har da gyara? Alhali matar da ke tsaye a gabana da ɗanta a goye ba ta ƙona komai ba, dawa ta zo saya. Wannan ya fi mini kwana biyun uwar ɗaki wuya, don a can tsoro ne kawai, a nan kuwa ni ce da zaɓi. Akwai Alhazai a layin da ban taɓa ganin sun tauye mudu ba, su ma addininsu ya hana da kakkausar murya, ganinsu yakan ba ni kunya in na fara lissafin banza.

Kada ki ɗauka na ci jarrabawar kullum. Wata shekara an fitar da ankon biki, ba ni da kuɗi, tukunya kuma ta kusa cika. Na juye na sayar, na ce rance ne. Na sa ankon, aka yi hotuna. Kin san abin da ya biyo baya? Babu. Ba wanda ya sani, ba wanda ya zo nema, ban yi ciwo ba, ciniki ma ya yi kyau a watan. Sai na waiwaya na ga wata uku ban zuba ko ƙwaya ba, kuma ban ji komai ba. Rashin jin nan shi ya tsorata ni. Na biya, amma atamfar ban sake iya ɗaura ta ba, na bayar.

Zancen azumin gidan mijinki kuwa, ki bi su, ba laifi, tsohon abu ne a ikilisiya, tun ƙarni na huɗu ake yinsa. Angilikan da Katolika suna farawa ranar Larabar Toka, tokar kuma ta ganyen dabinon bara ce da aka ƙona. Daga ranar zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi shida a samu 40, kwatancin kwanakin Yesu a jeji. Mu a ECWA ba mu ɗauke shi farilla ba, mukan sa namu azumin in ikilisiya ta kira. Masu cewa kwaikwayon Musulmi ne ba su san tarihi ba. Sai dai mu da ke Kano muna da abin koyo a wurin maƙwabta. A 2025 sun ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo ranar 5, muka yi kusan wata muna jin ƙishirwa tare a zafin bazara. Ki dubi ɗan dako yana tura baro a Kwari da rana tsaka ko ruwa bai kurɓa ba, sannan ki dubi wadda ta bar nama ranar Juma'a ta cika tukunya da kifi tana nishi. In sun aiko miki da kunu da ƙosai da magariba ki karɓa da hannu biyu, ke ma ki aika da Kirsimeti. Ranar da ba kya azumi su suna yi, kada ki tsaya a ƙofar gida kina shan ruwan leda. Ba dokarki ba ce, kara ce, ita ma ƙin kai ce.

In kuma kina yi, ki yi yadda Matiyu 6 ta ce, ki wanke fuska ki shafa mai. Ban da hoton goshi da toka a Facebook. Ki karanta Ishaya 58 ki ga azumin da Allah ya ce yana so, raba abinci da mayunwaci yana ciki. Shi ya sa nake ganin azumi da tukunya abu ɗaya ne, abin da bakinki ya bari bai kamata ya kwana a sito ba.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, don an cuci mata da yawa da ayar nan. Ba kowace wahala ce gicciye ba. Zazzaɓi ba gicciye ba ne, a je asibiti. Duka a gidan aure ba gicciye ba ne, in hannu ya taɓa ki, Allah ya kiyaye, ki zo ki faɗa mini ko babanki a ranar, kada wata ta ce miki ki yi shiru wai kina ɗaukar gicciyenki. Yesu cewa ya yi mutum ya ɗauka, da kansa, da yardarsa, saboda shi. In Allah ya kawo rabo kina da ciki ko goyo, ba ruwanki da azumin abinci, ki nemi wani abin ki bari. Ni da za ki ji tawa, ki fara da baki. Kin gaji kakarki wajen son maganarki ta zama ta ƙarshe, ni ma haka, jininmu ne. Ki gwada haɗiye amsa ɗaya a rana, wadda kin tabbata ke ce da gaskiya, ki ji yadda take tsayawa a maƙogwaro.

Yadda ake yi kuwa ba wuya. Kafin ki wanke shinkafa ko wake za ki ɗiba, a bushe, don danshi yana kawo ƙwari. In kala biyu ne ki ƙulla kowanne a ledarsa a cikin tukunyar. Ba daga ragowa ake cira ba, daga abin da kika auna don cikinku ne, har maigida ya san tuwon ya ɗan ragu, ki kuma faɗa masa tun yanzu kada ya zama kina kyauta da hatsinsa a ɓoye. Ƙarshen wata ki kai zumunta, ko ki duba layinku, ba za a rasa gwauruwa ko mai jinya ba, kuma ba a tambayar addini. Ki aika yaro bayan magariba, kada ki je da kanki a yi ta yi miki godiya.

Tukunyar ba ta Inna ba ce, tata ta fashe da muna tashi daga tsohon gida, wannan a kasuwar Kurmi na saya miki. Faifan rufin ne nata, shi ya sa kika ga bakinsa ya zare. Kada ki wanke shi da ruwa, ki kakkaɓe kawai. In za ki shigo ranar Asabar ki taho mini da man zafin nan na ƙafa, wancan ya ƙare.

Goggonki.